Ciwon da Ake Zama da Shi: Yadda Mai Hawan Jini da Mai Ciwon Suga Zai Riƙe Kansa a Kan Hanya

Filinmu na kiwon lafiya na wannan karo ya sauka a Akara, babban birnin Gana, a unguwannin zango na Kawokuɗi, Nima da Mamobi, inda da yawanku kuke sauka idan kun kawo shanu, albasa ko wake, ko kun zo sarin kaya. Mun yi magana a kan cututtukan da idan sun kama mutum ba sa sakinsa, irin su hawan jini, ciwon suga, asma da amosanin jini. Mun fi tsayawa a kan biyun farko, don su suka fi yi mana ɓarna a ɓoye. Ga abin da aka faɗa, mun rubuta shi don wanda ba ya kusa da rediyo a ranar, da wanda ke son a sake karanta masa.

Tushen maganar ɗaya ne. Mai irin wannan ciwo yana ganin likita na 'yan mintoci, sau uku ko huɗu a shekara. Duk sauran kwanakin, shi ne mai jinyar kansa: shi zai tuna da ƙwaya, shi zai zaɓi abin da zai ci a tasha, shi zai gane alama idan ta zo. To wanda aka ɗora wa wannan aiki, ai dole a koya masa aikin.

Me ya sa abin ya yi yawa a zango?

Ita Nima, asalinta wurin masu shanu ne. A shekarun 1930 ne wani attajirin shanu, Malam Futa, ya samu fili daga iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, yana tsayar da dabbobi kafin a sayar, baƙi daga arewa suna sauka a wurinsa. Yau ba makiyaya a Nima, sai cunkoson gidaje da shaguna, kasuwar shanu kuma tana Tulaku a Ashaiman. Yadda unguwar ta canza, haka rayuwar mutanenta ta canza. Wanda da yake wuni yana bin garke, yanzu dillali ne, yana zaune a kan benci daga hantsi zuwa la'asar. Wanda da yake cin tuwon gero da miyar ganye, yanzu burodi ne da shayi mai madarar gwangwani da safe, farar shinkafa da rana, lemon kwalba a kan kowane ciniki.

Ba zato ba ne. Tsakanin 2012 da 2015 an yi wani babban bincike mai suna RODAM a kan 'yan Gana kimanin 6,000, waɗansu a ƙauyukan yankin Ashanti, waɗansu a Kumasi da Obuasi, waɗansu a Amsterdam, Balin da Landan. An tarar da cewa ciwon suga a tsakanin mazan birni ya ninka na mazan ƙauye fiye da sau biyu. Jini ɗaya, asali ɗaya, amma zama da ci suka bambanta.

Hawan jini kuwa, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke da shi a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Kada makiyayi ya ce shi siriri ne, yana tafiyar ƙafa, abin bai shafe shi ba. Tafiya tana taimakawa ƙwarai, amma gado, shekaru da gishiri ba ruwansu da ƙiba.

Akwai ciwon da ake kashewa, akwai wanda ake kiwo

Zazzaɓin sauro, ka sha magani kwana uku, an gama. Wannan ne ya sa mutane suke ɗauka kowane ciwo haka yake. Sai mutum ya sha ƙwayar hawan jini wata guda, ciwon kai ya lafa, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya ajiye. Nan ne ake faɗuwa.

Hawan jini shi ne jini ya riƙa tafiya da ƙarfin da ya wuce kima a cikin jijiyoyi, kamar tiyon da aka matse bakinsa ana tura ruwa. Shekara da shekaru yana gajiyar da zuciya, yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙoda, ido da ƙwaƙwalwa, yawanci ba tare da mutum ya ji komai ba. Ciwon suga kuma, akwai wani sinadari mai suna insulin da jiki ke yi, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini: ga ƙishirwa, ga yawan fitsari cikin dare, ga rama, ga gyambon da ba ya warkewa.

Magani ba ya cire waɗannan cututtuka, riƙe su yake yi. Ku da kuka san kiwo kun fi kowa gane wannan. Ba wanda ke shayar da garke yau ya ce ya gama shayarwa ta bana. Lambar da ta sauko bayan ka sha magani, shaida ce cewa maganin yana aiki, ba shaidar cewa ka daina bukatarsa ba.

Ka san lambarka, ka kuma san harshen da aka faɗe ta

Nan ne ɗan kan iyaka yake da matsalar da mazaunin gari ba shi da ita. Awo ɗaya ne, amma kowace ƙasa da yadda take faɗarsa.

Hawan jini lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. A Gana da Nijeriya za a ce maka 140 bisa 90. Ka tsallaka Paga ka shiga Burkina Faso, ko ka wuce Aflao ka shiga Lome, ko a Yamai da Maraɗi, sau da yawa sai ma'aikacin lafiya ya ce maka 14 da 9. Abu ɗaya ne, sifili aka cire. Saboda haka wanda aka ce masa 18 da 11 a Wagadugu, kada ya yi murna wai lambarsa ƙarama ce: 180 bisa 110 ke nan, kuma wannan ya hau sosai. Ƙa'idar ita ce, idan an auna a ranaku biyu daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ne.

Suga kuma harshe uku gare shi. A Gana ana faɗarsa da mmol/L. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci an fi faɗarsa da g/L. A Nijeriya kuma za ka haɗu da mg/dL a na'urori da yawa. Ka duba 'yan haruffan da ke gefen lambar a fuskar na'ura ko a takarda. Ga waɗanda ya kamata ka haddace:

Awon safe kafin a ci komai, iyakar da ake cewa ciwon suga ne: 7.0 a lissafin Gana, 1.26 a lissafin Faransanci, 126 a ɗaya lissafin.

Suga ya faɗi ƙasa, akwai haɗari: ƙasa da 3.9, ko 0.70, ko 70.

Suga ya hau ƙwarai: sama da 16.7, ko 3.00, ko 300.

Ɗan kasuwar da ke juya sidi zuwa sefa da naira a ka, wannan ba zai gagare shi ba. Ka ninka lambar Gana sau 18, ka samu mg/dL. Ka raba wannan gida 100, ka samu ta Faransanci. Abin tsoro shi ne mutum ya ga 2.5 a takardar da aka ba shi a Lome, ya karanta ta da lissafin Akara, ya ɗauka sugansa ya faɗi, ya kama shan zaƙi, alhali 250 ne, ya hau.

Shi ma awon jinin yana da ladabi. Ka zauna minti 5 tukuna, bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu. Kada ka ci goro, ka sha shayi ko taba rabin sa'a kafin awo. Wanda ya sauko daga mota yanzu, ya gama musu da ɗan kamasho, lambarsa ba ta gaskiya ba ce.

Magani ba launi ba ne, suna gare shi

A tambayi mutum wane magani yake sha, sai ya ce wata 'yar farar ƙwaya ƙarama. To malam, fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi ɗari. Kowane magani yana da suna biyu: sunan da kamfani ya raɗa masa, wanda ake rubutawa da manyan baƙaƙe, da sunan ainihi, wanda ke ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe. Na kamfani yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, na ainihi ba ya canzawa sai ɗan harafi. Glucophage da ake sayarwa a kantunan magani na ƙasashen sefa, metformin ne. Daonil, glibenclamide ne. Diamicron, gliclazide ne. Amlor da Norvasc duk amlodipine ne. Wanda bai san haka ba, sai ya haɗa na Akara da na Wagadugu yana sha tare, yana zaton magani biyu ne, alhali abu ɗaya ya ninka wa kansa.

Bayan suna, sai ƙarfi. Amlodipine akwai mai 5, akwai mai 10. Metformin akwai mai 500, mai 850, mai 1000. Ka san naka. Idan ba ka karanta boko, ka yanke fuskar kwalin ka ajiye a aljihu, ko ka ɗauki hotonsa a waya, ko a rubuta maka da ajami.

Ka kuma san halin maganinka, don kada ya ba ka tsoro. Amlodipine yakan kumbura ƙafa wajen idon sawu. Lisinopril yakan kawo busasshen tari, kuma mai ciki ba ta shan sa. Bendroflumethiazide yana sa fitsari, shi ya sa ake shan sa da safe. Metformin yakan taɓa ciki a farko, sai a sha shi tare da abinci. Glibenclamide da gliclazide suna iya kayar da suga idan an sha ba a ci abinci ba. Duk wanda ya dame ka, ka koma a canza maka, akwai waɗansu. Ranar da ka manta ba ka sha ba, kada ka haɗa biyu washegari.

Akwai maganar da maza ke jin nauyin faɗa, mu kuwa mun faɗe ta a fili. Da yawa suna barin ƙwayar hawan jini wai tana rage ƙarfin namiji. Gaskiya waɗansu magunguna suna iya taɓa wannan, amma hawan jini da suga da aka bari ba kulawa su ne manyan masu kashe jijiyoyin wurin. Ka gaya wa likita, ba abin kunya ba ne a wurinsa. Kada ka je ka sayi na kwalba a tasha wanda ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Sannan a yi hattara da magungunan ciwon jiki da direbobi da 'yan dako ke sha kamar gyaɗa. Diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini, suna cutar da ƙoda idan an daɗe ana sha. Dexamethasone da waɗansu ke sha don su yi ƙiba yana ɗaga suga da jini duka. Maganin dabbobi kuwa na dabbobi ne.

Ɗan littafi a aljihu, da tambaya a baki

Katin asibitinka yana Mamobi, kai kana Bawku. Likitan da zai gan ka a can bai san komai a kanka ba sai abin da ka nuna masa. Don haka ka sayi ɗan littafin makaranta, ka sa shi a leda tare da takardun tafiyarka. Shafin farko: sunanka, shekarunka, ciwonka, sunan ainihi na kowane magani da ƙarfinsa da lokacin sha, maganin da jikinka ba ya so, da lambar wayar ɗan'uwa. Sauran shafuka: kwanan wata, gari, da lambar da aka samu. Duk inda aka auna ka, ka miƙa a rubuta.

Idan ka shiga wurin likita, kada ka fito sai ka samu amsar abu uku: mene ne ke damuna, me zan yi idan na koma gida, me zai faru idan ban yi ba. Bayan ya gama bayani, ka maimaita masa da bakinka: wato likita, wannan ɗaya da safe, wannan ɗaya bayan abincin dare, in dawo bayan wata biyu, haka ne? Idan ka yi kuskure nan take zai gyara. Yawancin ma'aikatan asibiti a Akara Turanci, Twi ko Ga suke yi. Idan ba ka ji sosai, kada ka gyaɗa kai don kunya. Ka tafi da yaron maigidanka ko wani ɗan unguwa ya yi maka tafinta. Matambayi ba ya ɓata.

Ka kuma tuna wa likita, aƙalla sau ɗaya a shekara, a duba maka ƙoda, ido da ƙafa. Mai suga ya tambayi awon da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Ga yawancin manya, ana son ya tsaya ƙasa da 7.

Abinci a Nima da a tasha

Ba mu ce kowa ya bar abincinsa ya koma cin na Turawa ba. Abincin zango yana da alheri, gyara yake so.

Gishiri tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Kifin gishiri irin su koobi, momoni da kako, da shito, da yajin tsire, da taliyar leda mai ɗan ƙunshin sinadari, duk gishiri ne a kan gishiri. Hajiya mai girki, a jiƙa kifin a zubar da ruwan, a rage magi, a ƙara daddawa, albasa, tafarnuwa da citta. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Sai zaƙi. Ƙa'idar ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini ga mai lafiya, rabin haka ya fi. Lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da kusan cokali 8 zuwa 9. Abin sha na malt da ake kai wa majinyaci a matsayin gaisuwa shi ma cike yake da sukari. Haka zoɓo, lamurje da burkina idan mai sayarwa ta sake hannu, balle shayin ataya zagaye uku. Tun 2023 gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan abubuwan sha masu zaƙi, amma haraji ba ya shiga butar shayi. Kai ne za ka ce wa mai koko kada ta sa maka sukari, ka haɗa da ƙosai.

Wake da shinkafa, wanda a nan ake kira waakye, ka ce a yawaita wake da ganye, a bar taliya da garin rogo, don shinkafa, taliya da gari duk suga suke zama a jini. Tuwon zafi, ka rage malmala ka ƙara miyar ayoyo ko kuɓewa. Fura da nono ba laifi, a dama ba sukari, a sha daidai. Zuma da dabino ma zaƙi ne, kada a ce don na Allah ne ba sa ɗaga suga. Wanda aikinsa zama ne, ya nemi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako.

Guzurin hanya

Daga Akara zuwa Paga kusan kilomita 800 ne, ta Kumasi, Techiman, Tamale da Bolga, kuma kowa ya san yadda mota ke kwana a kan iyaka ana jiran takarda. Ka ɗauki maganin da zai kai ka ya dawo da kai, ka ƙara na mako biyu. Ka raba shi biyu, rabi a jikinka, rabi a jaka. Kada ka bar shi a gaban mota rana tana dukansa. Ka saya a kantin magani mai lasisi, ka duba ranar lalacewa da ke gaban haruffan EXP. Na cikin tire da ke yawo a rana, ko na gaske ne zafi ya riga ya taɓa shi.

Mai allurar insulin, kada rashin firji ya hana ka tafiya. Wani bincike da ƙungiyar likitocin MSF da Jami'ar Janiba suka fitar a 2021, bisa yanayin zafin sansanin Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma, ka sa a inuwa ko a ƙaramar tukunyar ƙasa mai damshi. Kada ta taɓa ƙanƙara, kada rana ta gan ta.

Mai suga kada ya rabu da sukari a aljihu. Idan ka ji rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani, jiri ko ruɗewa, ka sha cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa nan take, ka jira minti 15, idan bai sake ka ba ka ƙara, sannan ka ci abinci. Ka gaya wa direba da abokin tafiya tun kafin a tashi. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Ƙafa kuma, musamman ku makiyaya. Suga yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta soke ka ba ka sani ba, sai ta zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Kana wanke ƙafa sau biyar a yini wajen alwala. Ka mai da shi lokacin dubawa. Ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ka tsane su, ka zazzage takalmi kafin ka sa, kada ka yi tafiya ba takalmi. Rauni kome ƙanƙantarsa, a nuna wa ma'aikacin lafiya da wuri.

Azumi

Wannan ce tambayar da ta fi zuwa mana. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi rangwame ga majinyaci da matafiyi, da yawanku kuwa kun haɗa biyun. Mai hawan jini da ke shan ƙwaya sau ɗaya a yini yawanci yana iya azumi, a mai da lokacin sha zuwa buɗa-baki ko sahur da shawarar likita. Mai suga ya je asibiti tun cikin Rajab ko farkon Sha'aban a tsara masa. Mai allura sau da yawa a yini, mai ciwon ƙoda, mai ciki, da wanda sugansa ya saba faɗuwa, likitoci sun fi ba su shawarar kada su yi. Ƙa'idar da ƙungiyar masu ciwon suga ta duniya ta fitar tare da likitoci Musulmi ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.7. Tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi. Ka tambayi malaminka, ka tambayi likitanka, kada ka ɗauki fatawa a majalisar shayi.

Kuɗi, inshora da masu cewa suna warkarwa

A 2005, Farfesa Ama de-Graft Aikins, 'yar Gana, ta wallafa bincikenta a kan masu ciwon suga a Akara, Tema, Nkoranza da Kintampo. Ta gano cewa yawancinsu sun fi yarda da maganin asibiti. Tsadarsa ce, da begen samun waraka gaba ɗaya, ke tura su yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, su dawo jiki ya ƙara lalacewa, aljihu ya bushe. Duk mai lasifika a tasha da ya ce yana cire suga ko hawan jini cikin kwana bakwai, ka riƙe kuɗinka. Idan kana shan saiwa ko ganye, ka faɗa wa likita, kuma kada ka ajiye ƙwayarka saboda su.

Ga mazauna Gana, inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar jinyar hawan jini da ciwon suga da magungunan da ke cikin jerinta. Wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Tun ƙarshen 2018 ana sabunta kati ta waya, a danna *929# a biya da kuɗin waya, ko kana Tulaku ko kana Paga. Kada ka bari ya mutu sai ranar ciwo. Amma ka sani katin ba ya aiki da zarar ka tsallaka iyaka, saboda haka kuɗin magani ya shiga lissafin tafiya kamar kuɗin mota.

Wurin zuwa ba ya nisa. Babban Asibitin Mamobi yana cikin unguwa, Asibitin Soja na 37 yana dab da Kawokuɗi, ga Asibitin Ridge, a Korle Bu kuma akwai cibiya ta ƙasa ta masu ciwon suga. A ƙauyukan arewa akwai ƙananan ɗakunan lafiya na CHPS, a shiga a nemi awon jini.

Alamomin da ba a jira gari ya waye

Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe, ido ya rufe farat ɗaya: shanyewar ɓarin jiki ce, ba shafar iska ba. Ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi, numfashi ya gagara, ko awo ya kai 180 bisa 120 da ciwon kai mai tsanani ko ruɗewa. Mai suga da ke ta amai, ba ya iya riƙe ruwa. Duk waɗannan, asibiti nan take. A Gana lambar gaggawa 112 ce. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya.

A koya tare

A shekarun 1990, a Jami'ar Stanford ta Amurka, Kate Lorig da abokan aikinta suka tsara wani horo ga masu ciwon da ake zama da shi. Ana haɗuwa sau ɗaya a mako, mako shida, kuma masu jagorancin zaman ba likitoci ba ne, mutane ne masu irin ciwon da aka horar. Kowa yana ɗaukar ƙaramin alkawari guda da zai iya cikawa a mako, ya dawo ya faɗi yadda aka yi. Ƙasashe da yawa sun ɗauki tsarin.

Mu a zango muna da abin da ake bukata: ga masallaci, ga majalisa, ga ƙungiyar masu albasa a Adjen Kotoku, ga ta dillalan shanu, ga adashin mata da a nan ake kira susu. Mutum goma su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini ɗaya, a ajiye wurin shugaban tasha ko maigida, a roƙi wata nas ta unguwa ta nuna yadda ake aiki da ita. A sa rana, a auna, a rubuta, wanda lambarsa ta hau a raka shi asibiti. Alkawarin mako kuma ya zama ƙarami: wannan makon cokali ɗaya a shayi maimakon uku, ko ƙwayata tana kusa da buta don in gan ta da asuba.

Wanda ya haura shekara 40 bai taɓa auna jininsa da sugansa ba, ya fara da wannan kafin tafiya ta gaba. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, za mu kai su gaban ma'aikatan lafiya a fili na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai matafiya gida lafiya, ya sa albarka a dukiya.